Yadda Sai-na-gwada Ya Gyara Hoton Mahaifinsa

Akwai masu ruwan ido da suke jin kunyar abinsu, akwai kuma waɗanda suka mayar da shi sana'a har suna tinƙaho da shi. Mutumin nan yana cikin na biyun. Ba wanda yake tuna ranar da aka fara kiransa Sai-na-gwada, amma kowa ya san dalili. Tun yana ɗan firamare, in mahaifinsa ya kai shi shagon takalma, sai ya sa wannan ya cire, ya sa wancan ya taka, ya koma kan na farko, har mai shago ya fara hamma. Uban ya gaji ya ɗauki duk wanda hannunsa ya kai, ya biya, ya jawo shi waje da kunne. A hanya yaron zai yi ta kuka, ba don takalmin ya matse shi ba, sai don akwai wani ja a saman kanta da bai samu ya gwada ba.

Haka ya girma, hali kuwa zanen dutse. Ya zauna zaɓen makarantar gaba da sakandare har aka rufe ɗaukar ɗalibai. Matar da ya aura ma ba shi ya zaɓe ta ba. Ita ce ta gaji da ganinsa yana zarya tsakanin gidansu da gidajen wasu 'yan mata, ta ce masa ko dai ya shigo ko ya matsa ya ba mutane hanya. Ya shigo. Har yau in sun yi faɗa tana cewa da ba ta yi magana ba, da yanzu yana nan bakin ƙofa yana nazari.

Aikinsa kula da sito ne a wani kamfanin robobi, inda ake buga bokitai da kujeru da kwanduna. A nan kam, a faɗi gaskiya, ba a taɓa kama shi da sakaci ba. Siton nan tas yake, kowane kaya da kantarsa, ko murfin bokiti ba ya kwana a ƙasa. Yana da doka ɗaya da yake maimaita wa leburori, har sun haddace suna kwaikwayonsa in ya juya baya: in sabo ya shigo tsoho ya fita, kuma abu ɗaya ba ya zama wuri biyu. Dokar ta yi daidai da bokiti. Shi kuwa da ita yake tashi aiki, da ita yake shiga gida.

Sai ciwo na biyu, son banza. Ba rowa ba ce, don yana ciyar da gidansa, 'ya'yansa ba sa yawo da yagaggen kaya. Shi dai a ganinsa duk wanda ya biya kuɗin abin da za a iya samu kyauta wawa ne, kuma ba abin da yake tsoro a duniya kamar a ɗauke shi wawa. To ka haɗa ruwan ido da son banza a jiki ɗaya, sannan ka damƙa masa babbar waya. Ranar da ya gano cewa a cikinta akwai kasuwar manhajoji da ba a rufewa, ba mai shagon da zai yi hamma, ba uban da zai ja kunne, kuma yawancin kayan kyauta ne, ranar ya ji duniya ta yi masa adalci. Manhajar tocila kaɗai sai da ya gwada iri-iri, alhali wayar da tocilarta ta zo.

Mahaifinsa kafinta ne, ya daɗe da rasuwa. Mutum ne da ba ya son tsayawa gaban kyamara, yana cewa mai aiki ba ya tsayawa a kalle shi. Hotonsa ɗaya tak a duniya, wani mai sayen kujeru ne ya ɗauka ba shiri a ƙofar shago, ya kawo daga baya. Ɗan ƙarami ne, bai fi tafin hannu ba. Tsohon yana tsaye ƙarƙashin rumfa da guduma a hannu, rana ta haske ƙirjinsa, fuskar kuma tana cikin inuwa. Sai ka ƙura ido za ka ga tabon da ya raba girarsa ta hagu gida biyu, inda wani guntun katako ya tashi daga inji ya same shi a shekarar da ya yi aure. Inna, mahaifiyar Sai-na-gwada, ita ta yi jinyar girar nan tana amarya. Hoton yana kan durowarta cikin wani tsohon firam tun ranar da aka kawo shi.

Ana nan sai idon Inna ya fara tafiya. Hawan jinin ido ne. Likita bai ɓoye wa ƙanwar Sai-na-gwada komai ba, ita da take kai ta asibiti: na hagu ya riga ya mutu, na dama yana rufewa daga gefe a hankali, magani sai dai ya rage masa sauri. Inna ba ta yi kuka ba, ba halinta ba ne. Ta aika aka kira ɗanta, ta miƙa masa firam ɗin.

"Ka ga wannan," in ji ta. "Da ina ganin fuskarsa, yanzu rigar kawai nake gani. An ce ku masu waya kuna iya ƙara wa hoto haske ku faɗaɗa shi. Iyakar abin da nake so ke nan. A haska shi, a yi shi babba, in ƙara ganin mutumin nan tun idon yana ci."

Ƙanwar tana ninke kayan wanki a bakin gado. Ta ce, "Yaya, akwai mai hoto a bakin titi kusa da kantin magani. Ka kai masa yau, gobe ka karɓa."

Ya yi 'yar dariyar nan tasa ta hanci. "Ke har yanzu kina zamanin da ake biyan mutum don ya danna maɓalli? Abin da zai yi da injinsa ni zan yi a wayata ina kishingiɗe, kyauta. Inna, ki bar min. Sai dai a ba ni ɗan lokaci in duba wace manhaja ce ta fi."

Ƙanwar ta ɗaga kai ta dubi silin. Ta san wannan ɗan lokacin, tare suka tashi.

Da ya isa gida ya ɗora firam ɗin kan teburin falo, ya ɗauki hoton da wayarsa ta cikin gilashi. Ya fito ba laifi. Amma mutumin da bai taɓa yarda da takalmin farko ba, ina zai yarda da ɗaukar farko? Ya ce gilashin yana cin haske, dole a zaro takardar. Ya kwance ƙusoshin bayan firam, ya ja, takardar ta ƙi fitowa, damshin shekaru ya manne ta da gilashin. Mai hankali a nan zai mayar da ƙusa ya yi shiru. Shi sai ya shiga waya ya yi tambaya, ya samu amsoshi barkatai, ya zaɓi wadda ta ce a jiƙa a ruwan ɗumi. Ya ɗauko farantin da matarsa take zuba shinkafa, ya nutsa mahaifinsa a ciki, ya koma kujera yana karanta sauran amsoshin ko akwai wadda ta fi. Da ya waiwayo, takardar ta saki gilashin kamar yadda aka yi masa alkawari, fara fat, ruwan kuma ya yi launin shayi.

Matar ta fito daga kicin riƙe da ludayi, ta dubi farantin, ta dubi mijinta.

"Innalillahi! Baban yara, ina Baba?"

Ya tsorata, wannan gaskiya ne. Amma bakinsa ya riga zuciyarsa farfaɗowa. "Yana cikin waya. Na riga na ɗauka, ba abin da aka rasa. Takarda ai tsohon yayi ce. Ke dai kar Inna ta ji."

"To turo min a tawa wayar, a samu biyu."

"Ba na tura aikin da bai kammala ba. Kuma abu ɗaya ba ya zama wuri biyu."

"Nan ba sito ba ne."

"Ko'ina sito ne ga mai tsari."

Ta zubar da ruwan a magudana, ta wanke farantinta da sabulu.

A yammacin nan ya sauke manhaja ta farko, mai alamar almakashi. Ba ta da wani tarkace, wurin ƙara haske ne, da wurin yanke gefe, da wurin miƙe hoton da ya karkace. Ya ja hasken sama kaɗan, sai ga tsohon ya fito daga inuwa, da idanunsa irin na mai shirin yi wa yaro faɗa, da furfurar gemu, da girar nan rabe biyu. Matar ta leƙo ta kafaɗarsa, ta dafa ƙirji.

"Wallahi Baba ne! Shi ke nan, kai wa mai hoto ya wanke."

Da ya ji maganarta, da labarin ya ƙare a nan, Inna ta sami abinta da safe. Amma a kusurwar ƙasa, daidai takalmin tsohon, manhajar ta buga tambarinta, ɗan rubutun da bai kai ƙwayar wake ba. Sai-na-gwada ya dube shi kamar ya ga ƙuda a shayi. Shi za a yi wa wayo? A ce kyauta, sannan a mayar masa da uba allon talla? Wayar ta tambaye shi ko ta ajiye gyararren daban ko ta ɗora shi a kan na asali. Shi kuwa amsar wannan tambayar ya san ta tun kafin a ƙera waya. Ya ɗora a kan na asali, ya goge manhajar, ya shiga neman wata.

Wadda ya samu ba ta buga tambari, sai dai duk taɓawa ɗaya sai ta tsayar da kai ka kalli talla, yau man gashi, anjima wasan tseren mota, can kuma wani mai ƙaton agogo yana rantsuwa zai koya maka arziki kana kwance. Da ita ya yanke ƙasan hoton don ya rabu da tambarin ta farko, takalman tsohon suka tafi. Sai ya ga hoton ya gajarce ba fasali, ya datse gefe don ya daidaita, guduma ta tafi da rabin hannu. Ya adana, sabo ya shigo, tsoho ya fita. Wata kuma ta yi masa lale marhabin na 'yan kwanaki, tana gama sabawa da shi ta nemi lambar katin banki. Ya kira masu ita ɓarayin zaune, ya ba su tauraro ɗaya, ya rubuta musu dogon zagin da ba wanda zai karanta, ya kwanta cike da jin ya yi aiki.

Daga nan ya yanke hukuncin cewa manhajojin waya na yara ne, ƙwararru da kwamfuta suke aiki. Ya sauke wata babba a kwamfutar ofishin sito. Wannan kam kyauta ce ta gaske, ba talla ba tambari, kuma ba abin da ba ta yi, sai dai maɓallanta sun fi kayan siton yawa. Ya yi makonni yana kallon bidiyon koyo a lokacin cin abinci, burodi a hannu ɗaya, linzamin kwamfuta a ɗaya. Ya koyi yadda ake ɗora shafi kan shafi, da yadda ake sauya sararin sama, da yadda ake cire mutum daga tsakiyar taro, duk don ya ƙara wa hoto ɗaya hasken da tuni aka ƙara masa. Ranar da ya zo gwaji ya taɓa wani abu, tsohon ya koma kore shar. Ya nemi hanyar komawa baya ya rasa, ga mota ta tsaya a bakin sito ana jiransa. Ya adana a haka, ya mayar da shi waya, ya share na kwamfutar, don kayan gida ba sa kwana a siton kamfani. Ya ce manhaja ta gaba za ta cire koren.

Abin haushi, a wannan tsakanin ne ya zama malami. Direbobin da suke zuwa lodin bokitai suka ji labarin akwai masanin gyaran hoto a sito. Wani zai ce yana son haska hoton motarsa zai sa a kasuwa, wani yana son yanke hoton 'yarsa don katin makaranta. Sai-na-gwada ya gyara zama kan kujerar roba ya fara bayani, wannan tana da nauyi, waccan tana shan data, wannan tana neman izinin shiga lambobin wayarka, waccan ba ta aiki sai da intanet. Ba ƙarya yake yi ba, duk ya sani. Direba ya saurara har ƙafarsa ta yi sanyi, ya koma mota ya sauke ta farkon da ya gani, ya haska motarsa kafin a gama lodi. In labari ya dawo wa malam sai ya girgiza kai cikin tausayi ya ce mutanenmu ba sa bincike.

Wayar kuwa ta cika har tana ƙorafi. Duk sabuwar manhaja tana son wuri, shi kuma ba ya son rabuwa da waɗanda bai gama auna su ba. Don haka kullum da safe, kamar yadda yake sa a share sito, yakan bi wayar ya goge duk abin da ya ga ya maimaitu, sannan ya zazzage kwandon shararta, inda abin da aka goge yakan jira ko mai shi zai yi nadama. Shi ba ya nadama, ba ya barin shara.

Hoton kuma yana ta shan hannu. Wadda ta cire koren ta bar shi dishi-dishi. Ya nemo wadda take ƙara kaifi, ta ƙara har fuskar ta yi ɗigo-ɗigo kamar an watsa mata yashi. Ya nemo wadda take goge ɗigo, ita kuwa ba ta san ɗigo da furfura ba, ba ta san ɗigo da tabo ba, duk abin da ya hana fuska sulɓi abokin gabarta ne. Kowane gyara maganin ɓarnar na baya ne, kowanne kuma a kan na baya yake hawa. Shi bai ga komai ba. Wanda yake tare da yaro kullum ba ya ganin girmansa, ga shi kuma ba wani tsohon hoto a ajiye da zai ɗora gefe ya kwatanta.

Duk ranar hutu yana zuwa gaida Inna, wannan ba a raba shi da shi. Ya zauna kan kujerar da ke kusa da taga, ya gaishe ta, ya sunkuyar da kai kan waya.

"Ina hotona?"

"Saura kaɗan, Inna. Akwai wata da nake dubawa, an ce ta fi duk na baya."

"To, Allah ya taimaka."

Da kansa a sunkuye, bai ga ranar da ta fara bin bango da hannu in za ta fita tsakar gida ba. Bai ga ranar da ta tsiyaya shayi a gefen kofi ya zubo kan tire ba. Kan durowar, inda firam ɗin yake da, ƙura ta bar ɗan wuri mai kusurwa huɗu, wani lokaci Inna takan kai hannu can sannan ta tuna.

Ƙanwar ce ta tare shi a bakin ƙofa wata ranar hutu, yana shirin tafiya. Matarsa ta gaji da riƙe maganar, ta faɗa mata labarin faranti.

"Yaya, ina takardar hoton Baba?"

"Wa ya gaya miki..."

"Bar wannan. Ka narkar da ita, na ji. Ban gaya wa Inna ba, kuma ba don kai ba. Ka san abin da likita ya ce wannan karon? Ya ce ganin da ya rage mata kamar na mai leƙe ta ramin makulli ne, kuma ramin yana tsukewa. Watanni kana zaɓe. Zaɓen me? Haske ta ce a ƙara, Yaya, haske! Turo min abin da kake da shi yanzu-yanzu in kai wa mai hoto."

"Bai kammala ba."

"To ka kammala kafin hutu mai zuwa, ko wallahi in gaya mata komai a gabanka."

A hanyar gida tsoro ya kama shi sosai. Ya buɗe hoton a cikin motar haya, ya dube shi, karo na farko ya ga bai san abin da yake kallo ba: wani dunƙulen fuska mai santsi, ba gefe ba tsakiya. Kunya ta rufe shi. Amma shi magani ɗaya ya sani ga kowace cuta, sai ya shiga kasuwar manhajoji. Kuma kamar an aiko masa, ga wata sabuwa, kyauta, mai maɓalli ɗaya tak, tana cewa tana raya tsofaffin hotuna. Ya sauke, ya danna. Wata 'yar da'ira ta yi ta juyawa, sannan fuska ta bayyana, tar da ita, har da launi. Idanu masu ƙyalli, haƙora a jere, fata sumul, girori biyu cikakku kamar an zana da alƙalami. Inda manhajar ba ta sami komai ba, ta cike da abin da ta ga ya dace da fuskar mutum. Sai-na-gwada ya kusa yin ihu a cikin mota. Ashe haƙurinsa bai tafi a banza ba! Ya adana a kan tsohon, ya zazzage kwandon shara.

Ya nuna wa matarsa tun bai cire takalmi ba. Ta daɗe tana kallo.

"Baba ya koma yaro," in ji ta a hankali.

"Kin gani ko? Da na bi taki, da yanzu muna nan da mai tambari."

Ta juya ta koma kicin.

A ƙarshe dai sai da ya je wurin mai hoton nan na kusa da kantin magani, don har yanzu ba a yi manhajar da take fitar da takarda daga waya ba. Ya biya kuɗin wanki, ya biya na firam, bayan ya sa an sauko masa da duk firam ɗin da ke shagon ya gwada. Mai hoton bai tambaye shi komai ba, aikinsa wankewa.

Ranar hutu da hantsi ya shiga ɗakin Inna rungume da hoton, babba, ya kusa rabin taga. Ƙanwar tana nan, matarsa ma ta biyo shi ta tsaya a bakin ƙofa. Ya yage takardar da aka naɗe shi da ita a hankali, don a ji daɗin kallo.

"Inna, ga alkawari. Ya ɗauki lokaci, amma aikin ƙwarai ba ya son gaggawa."

Fuskar Inna ta washe. Ta goge hannayenta a jikin zane kamar za ta karɓi jariri, ta sa aka matsar da ita kusa da taga. Ta ɗora firam ɗin kan cinyarta, ta karkatar da shi wajen haske, ta kawo idonta na dama dab da gilashin. Ba ta iya ganinsa gaba ɗaya, sai ta riƙa bin fuskar kaɗan-kaɗan, daga haɓa zuwa baki, daga baki zuwa hanci. Da ta kai girar hagu ta tsaya. Ta koma ta dama, ko ta yi kuskuren ɓangare. Ta dawo ta hagu. Ta sa babban yatsa ta goge gilashin a wurin, ta sake dubawa.

Ƙanwar, da ta leƙa ta bayanta tun farko, ta juya ta fuskanci bango.

"Ina tabon?" in ji Inna.

"An... manhajar ta gyara shi, Inna. Ta gyara komai."

"Ina gudumarsa?"

Ya dubi ƙanwarsa, ita kuwa tana fuskantar bango.

"To kawo min ƙaramin nawa. Wannan ka yi ƙoƙari, amma kawo min nawa, ko rigar ce in gani."

Ba wanda ya tashi ɗauko shi. Ta ɗago kai, ta juya shi tana neman inda ɗanta yake tsaye. Inna ba ta taɓa buƙatar a yi mata dogon bayani ba.

"Babu shi," ta ce. Ba tambaya ta yi ba.

"Yana... da yana cikin waya, Inna, sai dai..."

"Zo nan. Durƙusa."

Ya durƙusa a gabanta, ƙato da shi, mai furfura a gefen kai. Ta kama haɓarsa da hannu ɗaya, ta juya fuskarsa wajen taga kamar yadda ta juya firam ɗin, ta kawo idonta kusa har yana jin numfashinta. Ta bi shi kaɗan-kaɗan shi ma. Wayar ta yi ƙara a aljihunsa, irin ƙarar da take yi in wata manhaja ta fito da sabon salo, hannunsa ya motsa da kansa.

"Kar ka taɓa ta," in ji Inna. "Watanni kana zuwa ɗakin nan, tsakiyar kanka kawai nake gani."

Ya mayar da hannun. Ta daɗe tana dubansa, hawaye na bin kumatunsa yana jiƙa mata yatsu, ba ta ce masa ya daina ba, ba ta kuma lallashe shi ba.

"Goshin ne kawai," ta ce daga ƙarshe. "Shi kaɗai mahaifinka ya bar maka. To, na ga goshin."

Ta sake shi. Ta laluba firam ɗin a cinyarta, ta ɗaga da hannu biyu, ta miƙa masa.

"Wannan kuma ka mayar wa danginsa. Yaro kyakkyawa haka, suna can suna nemansa."